Jujinmu Ya Tafi Gona

Yaya Gwadabe,

In ka tashi ba ka ga jakinka ba, yana wurina.

Jiya kana kasuwa Idirisun gidan Lado ya zo. Shi ne yanzu duba-garin Bature, an ba shi kaki da takalmin da ya fi ƙafarsa. Ya tsaya bakin jujinmu yana toshe hanci, jujin da ya girma yana wasa a kai. Wai yau da hantsi zai cinna masa wuta, haka masu wayewa suke yi.

Tun kaka mu matan Limawa muke share lungu, muna tara toka da kashin awaki saboda takin gona. In an ƙona, gero ya ci me bana?

Ni da su Bilki mun ɗaura wa jakin mangala, za mu kwashe jujin kaf zuwa gonaki.

In Idirisu ya zo kar ka ba shi haƙuri, kar ka ba shi kaza. Ka shimfiɗa masa tabarma a inda jujin yake. Tunda ya taho da ashana, ya taimaka ya hura wa Inna murhu.

Indo