Wuta Ɗaya da Kerenga

Arewacin Ingila,
farkon watan Oktoba.

Zuwa ga matata Ambane,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da ɗanmu Dua, da Baba da gwiwarsa mai ciwo. Ya ruwan sama a Simbu? An gama shanyar kofi? Ni dai lafiya lau nake, in ban da sanyi.

Kin san yadda mu mutanen kan dutse muke cika wa 'yan bakin teku baki cewa mun san sanyi. To, na janye maganata. Na nan har cikin haƙori yake shiga, rana kuwa leƙowa kawai take yi ta koma. Mutanen garin suna ta zuwa kallonmu wurin atisaye, don ba su taɓa ganin tawagar ragbi ta Papua Niugini ta ƙetaro teku zuwa ƙasarsu ba sai mu. Wani tsoho ya tambayi kyaftin ɗinmu Tovue, mutumin Rabaul, wai ko muna sa takalmi a gida. Tovue ya ce masa muna sawa mana, ranar Lahadi. An sauke mu a gidan baƙi na wata dattijuwa, Misis Birkin, mace mai faɗa da kirki, irin innarki sak. Nan za mu zauna muna zagaya garuruwa muna wasa, har ranar babban wasa da 'yan Ingila, wanda aka ce za a sa a rediyo har gida.

Yanzu ga saƙon Baba. Ki gaya masa ina riƙe da alkawarin da na yi masa a filin jirgin Kundiawa, lokacin da ya damƙe hannuna ya ce kada in ci abin da aka dafa a wutar da Kerenga, abokin wasana a tawaga, ya ci daga cikinta. Na sani ba Kerenga ne ya harbi yayana Witne ba, yana makaranta a Lae sa'ad da aka yi faɗan. Amma ɗan ƙetaren kogi ne, jinin yana kan danginsa, kuma dattawa ba su karya raken sulhu a tsakaninmu ba tukuna. A sansanin atisaye na Mosbi, babban birninmu, abin bai yi wuya ba, gidan kawu nake zuwa cin abinci. A jirgi ma haƙuri na yi, na mayar musu da tirensu. Nan kuwa murhu ɗaya ne a gidan kaf, na leƙa kicin na gani da idona. Don haka ko ƙofar ɗakin cin abinci ba na bi. Akwai mai gasa burodi a kwanar layinmu, wurinsa nake saye, in haɗa da kifin gwangwani in ci a ɗaki.

A fili kam muna magana da Kerenga, tunda ba a hana magana ba. Shi ke miƙo mini ƙwallo, ni in rusa cikin mutane. In faɗa miki gaskiya, ban taɓa samun mai miƙa ƙwallo kamarsa ba, kuma haushin hakan nake ji.

Ki shafa mini kan Dua. Ki daina barinsa yana bin aladu har bakin rafi.

Naki har kullum,
Gigmai.

Arewacin Ingila,
ƙarshen watan Oktoba.

Ambane tawa,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Ina fata kowa lafiya, Dua kuma ya daina tarin nan. Wannan wasiƙar taki ce ke kaɗai. In Baba ya ga ambulan ya ce ki karanta masa, ki karanta gaisuwar ki tsaya.

Mun yi wasanni, mun ci wasu, an ci mu a wasu. Filayensu taɓo ne zalla, mazansu kuwa manya, yawanci masu haƙar kwal. Ba wannan ne ya dame ni ba. Ambane, na rame. Wandon da kika rage mini ƙugu yanzu da igiya nake ɗaure shi. Rabin farko na wasa ina nan da ƙarfina, da an dawo hutu sai ƙafafuna su zama kamar dafaffen ganye. A wasan da ya wuce wani ɗan tsurut ya kayar da ni shi kaɗai, ni da ake taruwa mutum uku a kaina a Goroka. Koci ya ɗora ni a kan sikeli, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce in ban dawo yadda ya ɗauko ni ba, a benci zan kalli babban wasa. Shi a tunaninsa kewar gida ce, ko giya nake sha a ɓoye. Ban yi masa bayani ba. Bature ne daga Ostareliya, ta ina zan fara?

Misis Birkin kuma ta ɗauka girkinta na raina. Ta dafa shinkafa, ban zo ba. Ta shiga mota har wani gari ta nemo dankali irin namu, ban zo ba. Rannan ta tare ni a matakala da tawul a kafaɗa, ta yi ta faɗa, idonta ya ciko. Na tsaya ina kallon takalmina kamar yaron da aka kama da satar ayaba.

Jiya da safe na je sayen burodi. Ina tura ƙofa sai ga Kerenga a gaban kanta, riƙe da burodi irin nawa, gwangwanin kifi yana leƙowa daga aljihun kwat ɗinsa. Muka yi cirko-cirko. A bayan mai burodin kuwa ga tanda a buɗe, guda ɗaya tal, yana ta zaro burodi daga ciki. Ashe daga wuta ɗaya muke ci. Na ajiye nawa a kan kanta na fita, ban san yadda na kai gida ba.

Tovue na samu na gaya wa. Maimakon ya tausaya mini sai ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce mu mutanen kan dutse iska ta yi mana yawa a kai. A bakinsa na ji sauran labarin. Ashe tun ranar da muka sauka, da Kerenga ya ga kujerata babu kowa, ya tashi daga tebur bai ko taɓa cokali ba. Ya ce wa Tovue tunda gidanmu aka yi wa rashi, ni ya kamata a bar wa wutar. Bai iya zuwa ya faɗa mini ba, kunya ta hana shi, ya ɗauka zan lura. Tovue kuma ya ɗauka na sani, taurin kai ne kawai ya hana ni. Ni kuwa ta yaya zan lura, ban taɓa shiga ɗakin ba? Duk tsawon lokacin nan baiwar Allah tana girka wa kujeru biyu abinci, mu kuma muna gudun wuta ɗaya muna cin burodin tanda ɗaya.

Tovue ya ce yunwa ce ta ramar da ni. Ni kuwa na tuna ɗan'uwan Baba da ya ci naman biki a ƙetaren kogi bai sani ba, ya yi ta bushewa har ya mutu. Tsoro nake ji, Ambane, ba zan ɓoye miki ba. Kuma kafin wannan takarda ta hau dutse ta same ki, amsarki ta dawo, an riga an yi wasan an gama. Ki je coci wurin Fada ki ce ya sa ni a addu'a, kada ki faɗa masa dalili.

Mijinki,
Gigmai.

Arewacin Ingila,
watan Nuwamba.

Zuwa ga uwar Dua,

Gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da yaro da Baba da dukkan dangi. Ni ina nan da raina, kuma igiyar wando na cire ta.

Na san kun taru a gidan Fada kun ji wasan a rediyo, don haka kin san an ci mu. Da ƙyar suka ci, kuma da aka tashi mutanen garin sun miƙe tsaye suna tafa mana. Kin ji an kira sunana lokacin da na dire ƙwallo a bayan layinsu ana dab da tashi. Sunan wanda ya miƙo mini ƙwallon, da aka kira kafin nawa, kin ji shi, Baba ma ya ji. Bari in gaya miki abin da rediyo bai faɗa ba.

Bayan wasiƙar da na aiko miki, burodin ma na daina ci, shayi kawai nake sha. Likitan tawaga ya duba idona da harshena, ya ce babu abin da ke damuna sai rashin abinci. Na ce a raina, ai shi ciwon alhakin jini ba ya fita a harshe. Koci ya liƙa sunayen waɗanda za su yi babban wasa, babu nawa, babu na Kerenga, don shi ma ya zama kamar sandar rake. Koci ya ce ƙofa a buɗe take har jajibirin wasan. Ni da na bar gonar kofi a hannunki, na ƙetaro duniya da rigar ƙasata, a ce in koma gida in gaya wa Dua na je na kalli wasa? Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Ranar Asabar da rana aka ƙwanƙwasa ƙofata. Kerenga ne, da wani abu naɗe a jarida. Ya tsaya a bakin ƙofa bai shigo ba, ya warware, sai ga rake. Ashe mota ya shiga zuwa babban birni, ya yi ta yawo a kasuwa yana tambaya, har ya samu a kantin wasu baƙaƙen fata 'yan tsibiran Karibiyan. Guntu ne, bai kai tsawon hannuna ba, ya bushe har ya fara tsagewa. Da a gida ne ko alade ba za ki ba shi ba. Ya riƙe shi da hannu biyu ya ce:

"Gigmai, na san mu ba dattawa ba ne, ba mu isa mu karya wa dangi rake ba. Amma ni da kai a nan babu dattijon da ya fi mu. Ban san Witne ba, an dai ce ya fi ka gudu. Ka yi haƙuri da abin da mutanenmu suka yi."

Tun da aka binne Witne, babu mutum ɗaya daga ƙetaren kogi da ya taɓa kiran sunansa a gabana. Na daɗe tsaye, muryar Baba tana kaina. Sai na kama ɗaya gefen, muka karya shi a gwiwata. Na tsotsa, ba shi da wani zaƙi, amma na haɗiye. Na ce masa gaskiya ne, Witne ya fi ni gudu, ya kuma fi shi miƙa ƙwallo. Ƙarya na yi, Witne bai taɓa miƙa wa kowa ƙwallo ba a rayuwarsa.

Da yamma muka shiga ɗakin cin abinci tare. Kowa ya yi tsit, ban da Tovue da ya ce a ɓoye cokula, 'yan kan dutse sun sauko. Misis Birkin ta dube mu. Ta shiga kicin ta fito da tukunyar gaba ɗaya ta dire a tsakaninmu, ta tsaya a kanmu da ludayi. Sai da muka ga gindin tukunyar. Washegari na tashi ina jira in ji ko jikina zai canza. Yunwa kawai na ji. Haka muka yi ta ci har jajibiri, koci ya sake ɗora mu a sikeli, ya ɗauki biro ya gyara takardarsa.

Ba na cewa Baba bai yi daidai ba. Ɗansa aka kashe, kuma alkawari na yi masa, na karya da sanina. Don haka wannan wasiƙar ki karanta masa ita duka, da wadda ta gabace ta, kada ki tsallake komai don tausayina. Gara ya ji daga gare ni kafin ya ji a kasuwar Kundiawa. Daga nan Faransa za mu wuce, yana da lokacin yin fushi kafin mu dawo. Na rage gaɓa ɗaya ta raken ban taɓa ba, tana cikin jakata. Tasa ce. In ya ga dama ya kai ta gidan taron maza dattawa su gani, in ya ga dama ya jefa ta a wuta, ba zan ce komai ba.

Ranar da za mu sauka, in na leƙa ta tagar jirgi ban hango hular Baba ba, na gane. Ke dai ki zo da Dua, ki taho mini da gasasshen dankali daga murhunmu, na yi mafarkinsa har na gaji. Ki ƙara guda biyu a kai. Mutanen Kerenga suna da nisa, ba za su iso ba sai washegari.

Naki mai kewarki,
Gigmai.