Tun da Aka Sayar da Namijin Alade

Tamale, 1961

Yaya Masahudu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Inna da ƙafarta? Ni lafiya lau.

Sai dai aikin gonar ya canza. Da, ƙofa kawai nake buɗe wa namijin alade ya shiga wurin matan, in koma gefe. Yanzu Baturen da ke da gonar ya sayar da shi, ya kawo maniyyi a kwalba, wai da hannuna zan ɗura musu. Na wanke hannun nan har ya tsage, amma 'yan gidan da nake zaune a unguwar Zogbeli sun ware mini kwano.

Don Allah ka tambayi Malam ko sallata tana karɓuwa, kada ka faɗi sunana. Wallahi na nemi wani aikin, babu.

Inna kuwa, ka bar ta a kan cewa shanu nake kiwo.

Ƙaninka,
Sumaila