Likita, Ka Ba Ɗiyata Takardar Zuwa Maraɗi

Zuwa ga Babban Likitan asibitin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lahiya, kai da iyali. Ni ne Malam Ɗan Jimma na wajen Korgom. Ban yi lakwal ba, wato boko, da bakina na faɗa aka rubuta, kuma na ce kada a tausasa ko kalma guda.

Na ɗaya. Shekarar da aka kawo ka, kai ka zo zaurena. Ka tambayi wace rijiya ke sa gudawa, wane dangi ke da amosanin jini, wace shekara sanƙarau ya shigo. Na faɗa maka gida-gida, har waɗanda ba su so a sani. Baba kake ce mani lokacin.

Na biyu. Bayan Sallar layya na ji ka a rediyo kana yabon na'urar nan da kuka ce tana da basira. Ka ce ita ba ta mantuwa, ba kamar tsofaffin ƙauye ba. Ina cikin mutane na ji, kowa ya juyo ya dube ni.

Na uku, shi ne ya hana ni cin tuwo. Ranar Litinin na kawo ɗiyata Rabi a amalanke, da ƙulli a ƙirjinta kamar ƙwallon dabino. Ka danna wayar da na'urar ke ciki, ka ce maruru ne, ka rubuta ƙwayoyi. Na ce haka ya fara ma uwarta, haka ya fara ma innarta 'yar'uwar uwar, duka ni na raka su makabarta. Ka ce wannan ba ya cikin abin da na'ura ta tambaya. Ita ba ta tambaya ba. Kai fa, da ka san gidan?

Ƙwayoyin sun ƙare, ƙullin ya ƙaru. Rabi na da 'ya'ya huɗu, ƙaramin bai bar nono ba.

Roƙona guda ne: ka duba ta da hannunka, ka rubuta mata takardar zuwa babban asibitin Maraɗi. Litinin mai zuwa muna ƙofarka da tabarmarmu, kuma ba zan tashi ba sai da takardar.

Allah ya tsare maka naka 'ya'yan, ya sa kada ka san abin da na sani.

Wassalam.
Malam Ɗan Jimma