Na Rufe Jar Wutar Motar Marayu da Takardar Addu'a

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Ina roƙonku da girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Ba zan ce ban cancanci zagin ba, ni kaina na zagi kaina ya fi a ƙirga. Amma shawara nake nema, don kwana uku kacal suka rage mini.

Ni direba ne a Daura. Motar da nake ja ba tawa ba ce, ta yayana ce da ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar mata da yara huɗu. Ƙaramar bas ce mai kujera bakwai, tsohuwa, tun kafin ya saye ta ta ga duniya. Da aka zo rabon gado dangi suka ce kada a sayar, a bar ta a hannuna in riƙa ɗaukar fasinja daga Daura zuwa Baure da garin Babban Mutum, wata rana in leƙa Mashi, in kawo wa matarsa balas ta ci da marayu. Yaya Hadiza nake ce mata, ita kuma Baffan yara take kirana. Wallahi matar nan ba ta taɓa ƙirga kuɗi a gabana ba. In na miƙa mata sai ta ɗaure a bakin zani ta ce, "Allah ya tsare hanya, Baffan yara." Mai gyara mana motar kuwa Baba Sale ne, abokin marigayi mahaifinmu, tsohon bakanike da garejinsa ke ƙarƙashin wata darbejiya. Shi ba ruwansa da kwamfuta, kunnensa ne kwamfutarsa. Zai sa ka zauna a sitiyari ka taka totur, shi yana gaba ya kara kunne a inji, ya yi maka tambaya biyu uku, ya gaya maka ciwon. Ku riƙe wannan, don a nan na cuce shi.

Bara da bazara, lokacin da rana ke narka kwalta, wani ɗan kasuwa ya tare ni a Babban Mutum ya ce in kai masa buhunan gero wani ƙauye can bakin iyaka, hanyar duk yashi ce. Yaya Hadiza ta sha ce mini kada in ɗora wa motar kaya, ta fasinja ce. Amma kuɗin da mutumin ya faɗa ya fi abin da nake samu a kwana uku, kuma a aljihuna zai tsaya, ba wanda zai sani. Na kwantar da kujeru muka loda har bayan motar ya zauna. A cikin yashin nan ina giya ɗaya, inji yana kuka, sai tiyon lagireto ya fashe. Na ga allurar zafi ta haye ja, na gani da idona, amma na ce bari in ƙarasa inuwa. Wace inuwa? Sai da na ƙara tafiya mai nisa kafin na iske wata rijiya da ake shayar da shanu. Na buɗe bonet, tururi ya buge ni. Ni da na shekara goma ina tuƙi, na san ba a zuba wa inji mai zafi ruwan sanyi, yaro ma ya sani. Amma tsoro ya rufe mini ido, na karɓi guga a hannun wani Bafulatani na sheƙa masa ruwan rijiya har guga uku. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara. Na ɗaure tiyon da roba na lallaɓa na sauke kayan, na sayi sabon tiyo a Baure, wani bakanike da bai san ni ba ya ɗaura mini. Na dawo gida na ce wa Yaya Hadiza yau kasuwa ba fasinja.

Bayan kamar sati biyu motar ta fara. Da safe in na tayar da ita sai ta yi ta karkarwa, salansa ya fitar da farin hayaƙi, in ta ɗumama sai ta daidaita. Ruwan lagireto kuma kullum sai ya ragu. Wata jar wuta ta fara kamawa a dashbod, mai nuna ruwa ya yi ƙasa. Yaya Hadiza takan shiga gaba in za ta unguwa, na san za ta tambaya. Kun san abin da na yi? Na sayi irin takardar nan mai gam da ake rubuta addu'ar hawa mota, na liƙa ta daidai kan wutar. Ranar da ta gani har da murmushinta, ta ce, "Kai, Baffan yara, Allah ya yi maka albarka, ka sa mana addu'a a mota." Na ce amin. Jama'a, da bakina na ce amin.

Na kai wa Baba Sale motar. Ya kara kunne, ya daɗe yana saurare, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, motar nan ta taɓa yin zafi a hannunka?" Na ce, "A'a, Baba, ko sau ɗaya." Ya ce, "Tana shan ruwa?" Na ce ba ta sha. Ya buɗe murfin lagireto ya leƙa, ya gan shi cike fal. Yaya ba zai gan shi cike ba? Kullum in na dawo daga sallar asuba, da butar da na yi alwala nake cika shi, kafin kowa ya fito. Ya girgiza kai ya ce, "To, in ba ta yi zafi ba kuma ba ta shan ruwa, ba inda nake zato ba ne. Bari mu duba fulogi." Aka canza fulogi, ta yi sati guda ta koma. Aka canza koyil. Aka wanke nozul. Aka canza famfon mai. Aka kira mai wayarin ya kwana biyu yana bin wayoyi. Kowane gyara sai ta yi kamar ta warke, sai ta dawo da karkarwarta. Kuma kowane gyara daga ina kuɗin yake fitowa? Yaya Hadiza ta sayar da tumakinta biyu. Ta karɓi adashinta tun kafin kwasarta ta zo. Daga baya ta sayar da keken ɗinkin da yayana ya saya mata. Ni ne na ɗora keken a bayan motar na kai wa mai saye, ina tuƙi ina kallon takardar addu'ar nan, na san wutar tana ci a ƙarƙashinta.

Sau nawa na yi niyyar faɗa? Wallahi ba adadi. In na shiga gidan da niyyar magana sai autan ya rugo ya rungume ƙafata, ita kuma ta turo mini kwanon tuwo ta ce in ci, na sha hanya. Sai maganar ta maƙale. Ranar farko kunyar buhunan gero ce ta hana ni. Bayan an sayar da tumaki, kunyar tumakin ta hau kan ta geron. Bayan keken ɗinki kuma, da wane baki? Kullum ramin ƙara zurfi yake, ni kuma ina ciki ina haƙa.

Mafi munin abin da na yi shi ne wannan. Wata rana Baba Sale ya ce mini, "Ɗana, raina bai kwanta ba. Farin hayaƙin nan yana damuna. Ka gaya wa Hadiza ina son in buɗe kan injin in ga gasket, shimfiɗar da ke tsakanin kan da jikin injin. In tsagewa ce, yanzu kan kawai za a canza, in aka bari injin duka zai tafi." Na san in ya buɗe zai ga aikin ruwan rijiya. Sai na je na ce wa Yaya Hadiza, "Baba Sale fa ya ce a buɗe inji, amma ni ina ganin tsufa ya fara kama shi, lalube kawai yake, kuɗi ne za su ƙara tafiya." Ta ce, "Kai ne a kan motar, yadda ka gani." Na koma na ce masa ta ce ba ta da hali yanzu. Ya ce Allah ya hore. Mutumin da ya ɗauki gawar mahaifina zuwa maƙabarta, shi na ce yana lalube.

Watan jiya a hanyar Mashi, da fasinja cike, injin ya yi wata ƙara ya tsaya cak. Aka jawo ta. Ƙanin Yaya Hadiza da ke aiki a Katsina ya zo da nasa bakaniken, suka buɗe a gaban mutane. Baƙin mai ya koma kamar kunun kanwa, kan injin a tsage, ruwa ya gama cinye ciki. Bakaniken ya ce sai dai sabon inji, ya ƙara da cewa tsagewar nan ta daɗe, duk wanda ya shekara yana taɓa motar nan bai gano ba, ko bai san aiki ba ko da gangan yake tatsar marayu. Kafin la'asar maganar ta zagaye tasha. Direbobin da suka shekara ashirin suna kai wa Baba Sale mota suka janye. Jiya na wuce, ba ko mota ɗaya a ƙarƙashin darbejiyar sai tamu, da aka mayar masa aka ce ya san yadda zai yi da ita.

Yanzu an kai ƙara wurin mai unguwa, ranar Alhamis bayan la'asar za a zauna. Ƙanin nata ya ce ko Baba Sale ya sayi inji ko a wuce gaban alƙali. Ina Baba Sale zai samu kuɗin inji in ba ya sayar da ɗan filin da ya mallaka ba? Yaya Hadiza ta ce wa mai unguwa shaidarta Baffan yara ne, shi ya fara lura tsohon yana lalube. Baba Sale shi ma ya ce a kira direba, shi zai faɗa cewa ya nemi a buɗe inji tun da wuri. Kowannensu ni ya kira, kowannensu ya yarda da ni.

Yau da hantsi Baba Sale ya aiko in zo. Na same shi zaune a kan wata tsohuwar taya, hannunsa fes, babu ko ɗigon baƙin mai. Ban taɓa ganin hannunsa haka ba, kuma wallahi abin ya fi komai karya mini zuciya. Na durƙusa na gaishe shi. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar takarda a ninke ya miƙo mini. Takardar addu'ar ce. Ya ce, "Shekara arba'in ina gyaran mota ban cika zama a kujerar direba ba, sai jiya na zauna a taku. Na ɓare wannan don kada sunan Allah ya lalace a rana, na murɗa makulli, sai na ga abin da ke ƙarƙashi." Na kasa ɗaga kai. Ya ce, "Na kuma ga sabon tiyo da ba ni na ɗaura ba. Idona ya taɓa sauka a kansa tun bara, na ce ɗan Malam ba zai yi mini ƙarya ba." Na fara kuka kamar yaro, na ce Baba ka yafe mini. Ya ce, "Ban kira ka don wannan ba. In na faɗa ranar Alhamis, za a ce tsoho ya ga uwar bari yana neman wanda zai ɗora wa. Kuma ba zan tona ɗan abokina a gaban mutane ba, ko filin zai tafi. Ni dai na ba ka takardarka."

Ga ta nan a aljihuna ina rubuta muku wannan. In na faɗi gaskiya, ba ni da kuɗin inji, ba ni da na tumaki, ba ni da na keken ɗinki. Za a ce na ci dukiyar marayu, kuma ba ƙarya aka yi mini ba. Mahaifiyarmu tana fama da hawan jini, kullum ni take nunawa a dangi ta ce ga wanda ya riƙe amanar ɗan'uwansa. Yaran nan da ke ce mini Baffa da wane ido za su dube ni? In na yi shiru kuma, tsoho zai sayar da filinsa, ya mutu da sunan macucin marayu, yana sane, ina sane, Allah yana sane. Na juya ta kowace fuska ban ga inda zan fita da mutuncina ba, kuma na fara gane cewa babu. Ko na faɗa, motar ba za ta tashi ba, keken ba zai dawo ba. Tun da na baro garejin na ɗauki buta zan yi alwalar azahar, sai na tuna duk asubar da na yi sallah na juya na zuba ƙarya a lagireto da ragowar ruwan.

Don Allah kada ku ce mini in yi istigfari kawai, ina yi. Ku gaya mini ta ina zan fara: in je wurin Yaya Hadiza tun kafin Alhamis, ko in bari sai an taru in faɗa a gaban kowa don sunan Baba Sale ya wanku a inda aka ɓata shi? Ɗazu na wuce ta ƙofar gidan, ta leƙo ta ce, "Baffan yara, kada ka ji nauyin tsohon nan ranar Alhamis, ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah." Na ce to.

Jama'a, me zan yi?