Sunanta a Kan Allo

Litinin, 3 ga Maris
Na shiga uku. Kod ɗin kwamfutar da na rubuta wa asibitin Yaya aikinsa ɗaya ne: ya karɓi sunan mara lafiya, ya nuna haruffan farko kawai a allon ɗakin jira. Yau, ranar masu karɓar maganin da ba a so a sani, ya fito da sunan matar mai faci ɓaro-ɓaro. 'Yar unguwarmu. Aka ce ta ja mayafi ta fice, ko maganin ba ta karɓa ba.

Talata, 4 ga Maris
Na gwada sunaye har idona ya yi ja, duk lafiya lau. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Yaya bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ƙanwata, maganinta ya kusa ƙarewa." Da ma zagina ya yi.

Laraba, 5 ga Maris
Na hango matar mai faci a bakin famfo, na canza hanya. Wai ni mai koyon kwamfuta.

Alhamis, 6 ga Maris
Na zauna kusa da Anti mai rajista ina kallon hannunta. Ashe dogon maɓallin nan na kibod ɗinta maƙalewa yake, wani lokaci ya saka tazara biyu tsakanin suna da suna. Kod ɗina yana yanka suna a kan tazara, sai ya tarar da gurbi babu komai, ya rikice. Ni kuma da hannuna na rubuta masa: in ka rikice, nuna sunan yadda ya zo. Don kada allo ya zauna wayam in ji kunya.
Anti ta ce, "Tun bara nake cewa a canza shi."
Na gyara. Yanzu in ya rikice, lamba zai nuna. Na kai wa Yaya.

Asabar, 8 ga Maris
Allo lafiya. Matar mai faci kuwa ba ta dawo ba.

Litinin, 10 ga Maris
Na bi ta layinsu, wai neman katin waya. Na tarar da ita tana shanya. Ban iya dogon bayani ba, na ce ni na yi allon, kuma na gyara. Ta daɗe tana matse zane. Ta ce, "Wa da wa suka gani?"
Ban sani ba. Haka na gaya mata.
Gobe da safe zan sake bi ta can, ko za ta yarda mu je karɓar maganin tare. Hanyar asibitin ce ai.