Baiwar da Kaka Take Nufi

Yaya,

Ina gaishe ki. Ya ƙafar Umma, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai shirun ɗaki idan maigida ya fita aiki.

A ajin koyon rubutu an ba mu labarin zamanin bauta: wata uwargijiya tana ƙaunar baiwarta, amma ta ƙi 'yanta ta. Malama ta ce mu rubuta ko uwargijiyar mutuniyar kirki ce. Kin san ni da littattafan soyayya, na zaci da biki za a ƙare. Na kasa rubuta komai.

Yaya, da Kaka take cewa Inna mai goyonmu baiwa ce, ni kyautar Allah na ɗauka. Don Allah ki tambayi Umma a hankali: ranar da Inna ta rasu, wa aka aika wa cikin danginta?

Allah ya jiƙanta.

Ƙanwarki