Na Sa Fari, Bushu'aib

Zuwa ga hasken idona, sanyin ƙirjina, mai bakin zuma, sarkin maƙaryatan kan ganuwa, mijina Bushu'aib.

Ya abin ƙaunata, ya inuwar da nake fakewa idan rana ta ƙwalle a kan duwatsun garinmu Aljadida! Ina gaishe ka gaisuwar wadda ba ta san inda za ta aika gaisuwa ba. Ina kake? Wane ruwa ne ya riƙe ka, wace gaɓa ce ta ɓoye mini kai? Na ɗauki alƙalami ne don na yi wani abu jiya, kuma ba na so ka ji shi a bakin kowa sai a nawa.

Amma bari in fara da ranar da na fara ganinka, don ita ce kaɗai ba ta yi mini ɗaci ba har yanzu. Kana zaune ɗare-ɗare a kan igwar nan mai tsatsa ta saman hasumiya, Turawa sun kewaye ka, kana rantse musu cewa da harbi ɗaya ta nutsar da rundunar jiragen ruwa. Na ce maka, "Kai malam, ka ji tsoron Allah, igwar nan ko kaza ba ta taɓa kashewa ba." Ka juyo da murmushin nan naka ka ce, "'Yar'uwa, rufa mini asiri in ci abinci. Idan sun tafi zan gaya miki ta gaskiyar." Sun tafi, ka saya mini dafaffen dodon koɗi a kwano, muka sha romonsa a tsaye, ka yi mini sabuwar ƙarya wadda ta fi ta farko daɗi. Wayyo muryarka! Ko iskar teku takan lafa idan ka fara labari.

Kai ne kake cewa Turawan Fotugal sun gina ganuwar nan don kada kakanninmu su shiga, ga mu yau a ciki muna share wa jikokinsu ita. Ka san kowane lungu nata, ka san lokacin da haske ke faɗowa cikin tsohuwar matattarar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa har baƙi su yi tsit. Sai aka ce ba mai zagayawa da baƙi sai mai bajin izini a wuya. Ba ka da baji, ba ka da takardar makaranta, baki kawai gare ka. Aka kore ka daga matakalar da ka yi rarrafe a kanta. Ka shigo gida kana dariyar da ba ta kai ciki ba, ka ce, "Miluda, kifi ba ya tambayar baji." Na ce maka ɗan ganuwa ne kai, ba ɗan ruwa ba. Ka ji? Ba ka ji ba! Ka shiga kwalekwalen kamun kifin sardin tare da mutum biyu, kai da ko lilo ke sa ka jiri.

Teku ta dawo da su biyun. Ta ajiye su a kan yashi, aka yi musu wanka, aka sallace su, matansu suka sa fararen kayan takaba daga ɗankwali har takalmi, suka yi kwanakinsu suka fita. Ɗaya ma ta sake aure. Kai kaɗai ta hana. Me ka yi mata? Ko ita ma labari ka fara ba ta, ta ƙi sakinka sai ka ƙarasa?

Sai na ƙi sa fari. Hunturu ya wuce, wani ya zagayo, alƙali ma ya ce an jira iyakar jira, ni kuwa na ce ban ga gawa ba. Macen da ta sa fari ta gaya wa gari mijinta ya mutu, ni kuma bakina ba zai iya ba, balle jikina. Ina sa jallabiyata shuɗiya, ina hawa hasumiya kullum in zuba wa ruwa ido. Ka san su wa nake tararwa a can? Baƙi, masoyina, baƙi kamar ƙudaje a kan tiren kifi. Suna hawa igwarka, suna juya wa teku baya su ɗauki hoton haƙoransu. Yaya mutum zai juya wa teku baya? Wani mai baji yana karanta musu shekaru da sunayen gwamnoni, suna hamma. Na tsane su duka, kuma na san ba su yi mini komai ba.

Matan unguwa sun yi magana har sun gaji. Wadda ba ta taɓa cewa uffan ba ita ce mahaifiyarka, Lalla Hadda. Ta bar ni da haukata, tana zuba mini shayi, tana kallon ƙofa yadda nake kallonta. Amma ciwon ƙirjin nan ya kayar da ita, Bushu'aib. Ta rame har awarwaronta na zamewa zuwa gwiwar hannu. Ran Juma'a ta kama hannuna ta ce, "'Yata, ni tafiya zan yi. Idan na je can aka tambaye ni wa ya yi wa ɗana sadaka, me zan ce? Ba a dafa masa kuskus ba, malamai ba su zauna sun yi masa karatu ba, yana can kamar marar kowa. Ba zan tara mutane matarsa na cikin shuɗi ba. Ki ji tausayina, ki sa."

Me kake so in yi, ya rabin raina? In riƙe ka da rai in bar tsohuwa ta mutu da wannan a maƙogwaro? In sake ka don ta samu barci? Da kai ne a tsakaninmu, wa za ka zaɓa? Na san amsarka, shi ya sa na ƙara jin haushinka.

Jiya na sa. Maƙwabta suka tuɓe mini zobe da 'yan kunne, suka lulluɓe ni da fari fat, yadin yana da sanyi kamar tasa da asuba. Aka dafa kuskus da kabewa, malamai suka cika tsakar gida da karatu, aka kira sunanka cikin matattu. Lalla Hadda ta ci loma uku, abin da ta daɗe ba ta yi ba, ta yi barci bakinta a buɗe. Ni ce na kashe ka a bainar jama'a, da yadi, ba teku ba.

Yau da safe babu mai kai mana burodi gashi, sai na ɗora katakon burodin a kai na nufi tanderun unguwa da ke bakin Ƙofar Teku. Maza suna ganina suna matsawa jikin bango, suna sunkuyar da kai. Ana nan sai ga ayarin baƙi. Wata Baturiya mai furfura ta gan ni, fuskarta ta washe, ta dafa ƙirji ta ce da ɗan Larabcin da ta koya, "Mabruk! Amarya!" A garinsu fari na amare ne. Mai bajin da ke tare da su ɗan unguwarmu ne, ya ci kuskus ɗinka jiya. Baturiyar ta sake yin magana, ya dubi ƙasa ya ce mini, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa. Wai tana tambaya ina angon."

Na nuna mata ruwan da ke dukan ƙofar, na ce, "Gaya mata yana hanya." Ya gaya mata. Suka yi mini tafi, Bushu'aib. Na tsaya da burodi a kai, suka yi mini tafi.

To ka ji. Na ba mahaifiyarka jikina ya yi maka takaba, amma zuciyata ba ta shiga ba, kuma ba za ta shiga ba. Idan kwanakin suka cika za su ce in tuɓe, in sa lalle, in saurari masu zuwa. Zan tuɓe, ba zan saurara ba. Idan ka riga mu, Allah Ya sanyaya maka makwanci, ko da a ƙarƙashin ruwa ne. Idan kuwa kana raye, ka zo da wuri, ka same ni cikin kayan mutuwarka, ka yi mini faɗan da na cancanta.

Taka, da ranka da babu,
Miluda